Kajin gona, ragon turke da rijiyar maƙwabci: amsoshin likita

Gidajen kaji sun yawaita a gefen Sakkwato da cikin unguwanni, kuma turkar raguna da shanu ta zama sana'ar mutane da yawa. Tambayoyin wannan karon duk a kan wannan suka taru.

Likita, ɗiyata shekararta 9 kuma ƙirjinta ya fara tasowa. Uwar mijina ta ce kajin gona ne da muke ci, wai allura ake yi musu su girma cikin mako shida. Mi gaskiyar wannan magana? Daga wata uwa a Mabera.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Tasowar ƙirji tsakanin shekara 8 zuwa 13 daidai ne, kuma al'ada kan biyo baya da shekara biyu zuwa uku. Abin da ke sa mu bincike shi ne yarinya ta fara kafin shekara 8, ko yaro kafin 9, ko abin ya zo da gudu tare da ciwon kai da matsalar gani. In akwai ɗaya daga cikin waɗannan, ki kai ta wurin likitan yara. Abin da aka fi dangantawa da saurin balaga a yau shi ne ƙiba, don haka lemun kwalba da biskit sun fi kaza cancantar a sa musu ido.

Zancen allurar girma kuwa ba shi da tushe a kiwon kaji. Sinadarin girma in aka zuba shi a abinci narkewa yake a ciki kamar kowane nama, sai dai a riƙa yi wa kowace kaza allura kullum, kuma babu mai kaji dubu da zai iya wannan ya ci riba. Amurka ma ta hana amfani da irin waɗannan sinadarai a kaji tun ƙarshen shekarun 1950. Allurar da ɗigon da mutane ke gani ana yi na riga-kafi ne, irin su Gumboro da Lasota.

Iri ne ya canza. Shekara da shekaru kamfanoni suna zaɓen kajin da suka fi saurin girma suna haɗa su. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun kiwata irin kajin 1957 da na 2005 a kan abinci ɗaya: a kwana 56, na 1957 bai kai kilo ɗaya ba, na 2005 ya haura kilo huɗu. Wanda ke biyan kuɗin wannan saurin ita ce kazar. Tsoka tana riga ƙashi da zuciya girma, shi ya sa za ki ga kazar gona ta yi taku kaɗan ta zauna, ƙafafunta sun karkace, wata ruwa ya taru mata a ciki, wata ta kife ta mutu ba tare da ta yi ciwo ba. Naman ba zai balagar da ɗiyarki ba. Inda hatsarin yake yana cikin amsa ta gaba.

Ina da kajin ƙwai 500 wajen Kwannawa. Kowane mako biyu nakan zuba musu maganin ƙwayoyin cuta cikin ruwa ko ba su da ciwo, don gudun asara. Wani ya ce mini ƙwan yana cutar da masu ci. Shin haka ne? Daga wani mai kiwo.

Alhaji, wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya, kuma cutarwar iri biyu ce.

Ta farko ita ce ragowar magani. Kowane maganin dabba yana da kwanakin jira, wato kwanakin da za a bari bayan an gama ba da shi kafin a ci nama ko ƙwai ko madara. Ana rubuta su a jikin leda ko kwalba, yawanci da ƙananan haruffa a ƙasa. A ƙwai abin ya fi tsawo fiye da yadda masu kiwo ke zato, domin gwaiduwa tana ɗaukar kusan kwana goma tana haɗuwa a jikin kaza. Maganin da ka zuba yau zai ci gaba da fitowa a ƙwan mako mai zuwa. Dafawa da suya suna rage wasu magungunan, ba sa kawar da su duka. Wanda jikinsa ba ya jituwa da fenisilin ko salfa yana iya yin borin jini, kuma akwai magunguna irin su chloramphenicol da furazolidone da ƙasashe da yawa suka haramta ba dabbar da za a ci kwata-kwata, na farkon saboda yana iya kashe ɓargon da ke yin jini, na biyun saboda zargin sankara. Enrofloxacin, wanda ake sayarwa ko'ina a shagunan magungunan dabbobi, ba a yi shi don kajin da ake cin ƙwansu ba.

Ta biyu ta fi girma, kuma ba ta tsaya ga wanda ya ci ƙwan ba. In ka zuba magani kaɗan kaɗan a kai a kai, ƙwayoyin bakteriya masu rauni suna mutuwa, masu tauri su saura su hayayyafa. Waɗannan masu taurin suna fita ta kashin kaji, su hau hannun yaron gona, su bi ƙudaje, su shiga ruwa, su bi taki zuwa fadama. Wata rana mace ta zo asibiti da ciwon mafitsara, a ba ta ciprofloxacin ya ƙi ci. Enrofloxacin ɗin nan a jikin dabba yake rikiɗa ya koma ciprofloxacin, dangi ɗaya ne, kuma saboda haka ne Amurka ta hana amfani da shi a kaji a 2005. Tarayyar Turai ta hana zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙara girma a 2006. A 2015 masana a Sin suka gano wata ƙwayar halittar gado a jikin bakteriyar aladu da ke sa ta jure colistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai komai ya gagara, kuma gadon yana tsallakawa daga wata ƙwaya zuwa wata. Ka duba jikin ledojin da ake sayar maka da sunan maganin gajiya ko bitamin, da yawansu akwai colistin ko oxytetracycline ko tylosin a ciki. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Ba masu kiwo kaɗai ke da laifi ba, mu ma'aikatan lafiya da masu kemis muna da namu kason. Amma naka ɓangaren yana hannunka, kuma gyaransa ya fi maganin araha.

Abin da ke sa ka zuba magani shi ne kajin suna yawan ciwo, abin da ke sa su ciwo kuma yawanci cunkoso ne da zafi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta digiri 41 zuwa 42 ne, kuma ta fi sakewa a tsakanin digiri 18 da 24. A Afrilu da Mayu nan Sakkwato rana tana haura 40, kaza sai haki, ta rage ci, ɓawon ƙwai ya yi laushi, garkuwar jiki ta faɗi. A irin yanayinmu kada ka wuce kajin ƙwai 5 a kowace murabba'in mita in a ƙasa suke, wato kajinka 500 suna son fili kamar mita 10 sau 10, ko mafi kyau mita 7 sau 15, domin ɗaki mai faɗi da yawa iska ba ta ratsa tsakiyarsa. Tsawon ɗakin ya bi gabas da yamma don kada rana ta shiga ta gefe, bango ya tsaya a gwiwa, sauran ya zama raga. A shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwano. Tankin ruwa ya kasance a inuwa, bututu a binne, domin kaza ba za ta sha ruwan da ya yi zafi ba, alhali a bazara buƙatarta ta ruwa tana ninkawa. A ba da abinci da asuba da kuma bayan la'asar, a ɗauke shi da tsakar rana saboda narkar da abinci ma yana ƙara zafin jiki.

Shimfiɗa, ɓuntun shinkafa ce ko garin katako, ka damƙa a hannu. In ta dunƙule ta zauna, ta jiƙe da yawa, a kwashe wurin a zuba sabuwa, a gyara mazubin ruwan da ke yoyo. Allurar riga-kafi a yi ta a kan lokaci, a ɗauko ta cikin ƙanƙara, a haɗa da ruwan da ba shi da kulorin, kajin su shanye cikin awa biyu. Da yawan riga-kafin da ake cewa bai yi aiki ba a hanya zafi ya kashe shi. Tsakanin fitar wani rukunin kaji da shigowar wani a wanke ɗaki a bar shi fanko mako biyu. Kuma a kula da masara da ƙuli-ƙulin da ake haɗa abinci da su: in sun yi fumfuna akwai gubar aflatoxin, wadda aka gano bayan ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960. Tana lalata hantar kaza ta karya garkuwarta, sai mai kiwo ya yi ta zuba magani a kan ciwon da buhun masara ya jawo.

In ciwo ya zo duk da haka, ka ɗauki gawa biyu ko uku sabbi ka kai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin dabbobi na gwamnati a buɗe a gani. A ba da maganin da ya dace, cikakken awo, cikakkun kwanaki, sannan a ƙirga kwanakin jira. Ƙwan waɗannan kwanaki ba na sayarwa ba ne, kuma ba na sadaka ga almajirai ba ne. Binne shi ake yi. Na san asara ce.

Maƙwabcinmu ya gina gidan kaji jikin katangarmu. Wari da ƙudaje sun hana mu zama tsakar gida, yaronmu mai asma kullum cikin tari, kuma rijiyarmu ba ta fi taku goma daga inda yake tara kashin ba. Muna da jinjiri wata uku. Daga wani magidanci a Arkilla.

Malam, fara da rijiyar, saboda jinjirin. Ruwan sama yana wanke tarin kashin kaji ya nutse da sinadarin naitiret da ƙwayoyin cuta zuwa ruwan ƙasa, kuma rijiyar da aka haƙa da hannu ba ta da zurfin da zai kare ta. Ƙa'idar da ake bi ita ce aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai ko juji ko tarin taki, kuma rijiyar ta kasance ta tudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a miligiram 50 cikin kowace lita. Babba yana iya shan abin da ya wuce haka bai ji komai ba, amma a jinjiri ƙasa da wata shida yana hana jini ɗaukar iska. Alamarsa leɓe da dasashi da farce su yi toka-toka ko shuɗi, numfashi ya yi sauri, yaro ya yi laushi. Wannan na gaggawa ne, asibiti kai tsaye. Abin da mutane ba su sani ba shi ne tafasa ruwa ba ya cire naitiret, ƙara masa ƙarfi yake tunda ruwan ne ke tashi ya bar shi. Kulorin ma ƙwayoyin cuta kawai yake kashewa. Nonon uwa zalla har wata shida ya rufe wannan ƙofar. In dole sai an haɗa madarar gwangwani, a samo ruwa daga wani wuri, rijiyar kuma a bar ta ga wanki har a kai ruwanta gwaji.

Warin da ke yaji a ido iskar amoniya ce da ke tashi daga jiƙaƙƙen kashi, tana haɗuwa da ƙurar gashi da shimfiɗa. Duka biyun suna tayar da asma, kuma da hunturu abin ya fi muni. A mayar da yaron ɗakin da ya fi nisa da katangar, a rufe tagogin wannan ɓangaren, abin shaƙarsa na gaggawa ya kasance kusa. In yana buƙatarsa fiye da sau biyu a mako ko tari yana tashe shi da dare, lokaci ya yi da likita zai ɗora shi a kan na kullum mai hana tashin ciwon. Amoniyar nan kajin ma tana cinsu: tana ƙona musu ido da maƙogwaro da tafin ƙafa, ta rage ƙwai. Ka faɗa wa maƙwabcinka wannan, don ya fi saurin shiga kunnen ɗan kasuwa.

Ƙuda a zafi irin namu yana tashi daga ƙwai zuwa babba cikin kwana 7 zuwa 10. Duk wanda ke kwashe kashi sau biyu a mako ya fitar da shi daga unguwa ya yanke wannan zagayen. Feshin magani ba tare da kwashewa ba ɓarnar kuɗi ce. Ku zauna da shi tare da mai unguwa a kan abu uku: kwashe kashi a kan lokaci, daɓe wurin tarawa da siminti da rufe shi, da ɗauke shi daga kusa da rijiya. In ya ƙi, aikin duba-gari ne na ƙaramar hukuma. A ganina kaji ɗari-ɗari ba na tsakiyar unguwa ba ne, kuma ya kamata a ce akwai tazarar da hukuma ke tilastawa tun kafin a sa tubalin farko.

Ana cewa wasu masu turka suna ba raguna sha-ka-fashe kafin Sallah. Ta yaya zan gane irin wannan ragon a kasuwar Kara ko ta Achida, kuma mi naman ke yi wa mutum? Daga wani ma'aikaci a Gidan Igwai.

Yallabai, abin da ake kira sha-ka-fashe galibi dexamethasone ne ko danginsa, wani lokaci haɗe da maganin buɗe ci. Yana sa dabba ci da shan ruwa da yawa, yana danne zazzaɓi da kumburi har mara lafiya ya miƙe ya yi kyan gani na 'yan kwanaki, yana kuma karya garkuwar jiki. Cin naman sau ɗaya da wuya ya yi wa mai lafiya illar da zai gani. Babbar matsalar ita ce ciwon da maganin ya ɓoye. Waɗanda sha-ka-fashe ke hallakawa da gaske su ne matan da ke shan sa da kansu don neman ƙiba: kumburin fuska, ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya, likita ne zai sauke ta a hankali.

Ido kaɗai ba ya tabbatar da an ba dabba magani, amma hannu yana bambanta nama da kumburi. Kada ka kalli ciki, domin gishiri da ruwa suna cika shi cikin awa kaɗan. Ka dafa gadon baya da kwiɓi da gindin wutsiya da ƙirji. Ragon da ya ci harawa da dusa wata uku tsokarsa tana da tauri, ƙashin bayansa a rufe. Ka duba ko yana tuƙa, hancinsa ba majina, bayansa ba zawo, dasashinsa ja-ja ne. Ka shafa wuya da cinya ko akwai kulun allura. Oxytetracycline mai dogon aiki kwanakin jiransa kusan mako huɗu ne, ivermectin na allura ya fi haka. Dabara mafi sauƙi ga mai wuri ita ce ya saya da wata guda a gaba ya ƙarasa kiwon a gida.

Masu turka kuma, abu uku ne ke kashe muku raguna. Na ɗaya, ɗura hatsi da dusa farat ɗaya ga dabbar da ta saba da ciyawa: tumbi ya yi tsami, ya kumbura, zawo ya biyo. A ƙara a hankali cikin mako biyu zuwa uku, harawa ta riga shiga ciki. Na biyu, dusa zalla ba isasshen ruwa tana haifar da tsakuwa a mafitsarar rago, ka gan shi yana nishi fitsari ya ƙi fita. Na uku, ciyar da kashin kaji don arha. In akwai guntun mushen kaza a ciki yana iya ɗauke da gubar da ke shanye jiki, kuma tagullar da ke cikin abincin kaji tana taruwa a hantar tumaki, waɗanda ba sa jure ta kamar shanu.

Wajen fiɗa, a yanke wurin allura da abin da ke kewaye a zubar. Hanta ko huhu mai ƙuraje ko ƙulli-ƙulli ko jakar ruwa a binne, kada a jefa wa karnuka. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, kada a taɓa ta da wuƙa: alamar ciwon saifa ke nan, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a yankin Suleja a Yulin 2023, kuma yana kama mahauta ta fata.

Ina aiki a gidan kaji. Cikin kwana biyu kaji sun fi 200 da suka mutu, tukkunsu ya kumbura ya yi baƙi. Maigidan ya sa mu fige waɗanda suka kusa mutuwa an kai wa masu gashi. Yau na tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Daga wani matashi a Wamakko.

Ɗan'uwa, ka je asibiti yau, kuma kalmar farko da za ka faɗa wa ma'aikacin lafiya ita ce ka fige kajin da ke mutuwa da yawa. In ba ka faɗa ba maganin maleriya za a ba ka ka dawo gida. Ka sa takunkumi a hanya, ka kwana ɗaki kai kaɗai. Kana iya kiran layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, 6232. Wataƙila mura ce ta yau da kullum, amma abin da ka kwatanta, mutuwa mai yawa cikin sauri da kumburin kai da baƙin tukku, musamman in akwai jini-jini a ƙwaurin ƙafa, ya yi kama da murar tsuntsaye. Ciwon Newcastle ma yana kisa haka, yakan zo da murɗewar wuya da koren zawo. Kisan zafi kuwa da rana yake yi, ya ɗauki manyan kaji, ya lafa da dare. Gwaji ne ke raba gardama, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ce ke tabbatarwa.

Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka samu nau'in murar tsuntsaye mai suna H5N1, a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas, ta sake dawowa cikin kaji a 2015 da 2021. Ba ta cika kama mutum ba, kuma da wuya ta tsallaka daga mutum zuwa mutum, amma kusan rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu a duniya tun 2003 sun mutu. Akwai maganinta, oseltamivir, kuma ya fi aiki in an fara cikin awa 48. Duk wanda ya yi figar tare da kai ya sa ido a kan jikinsa kwana 10: zazzaɓi, tari, jan ido, sarƙewar numfashi.

Wuta tana kashe ƙwayar in naman ya dahu har ciki, digiri 70 zuwa sama, ba ja a jikin ƙashi. Don haka mai yanka da mai figa da mai fiɗa sun fi mai ci shiga hatsari. Abin da maigidanka ya yi kuskure ne babba. Dole a sanar da sashen kula da dabbobi na jiha, a rufe gonar, kada kaza ko ƙwai ko kiret ɗin kwali ko buhun taki ya fita. Gawarwaki a rami mai zurfin mita biyu nesa da rijiya, a zuba farar ƙasa, mai aikin da safar hannu da takalmin roba da takunkumi. Yadda ciwon ke yawo tsakanin gonaki yawanci ta ƙafar dillalai ne da tayar mota da kiret ɗin da ya zaga gona biyar.

Muna noman salak da karas da albasa a fadamar Kwalkwalawa. Takin zamani ya yi tsada, mun koma kashin kaji. Akwai matsala? Daga wani manomi.

Malam, taki ne mai kyau in ya ruɓe. Ɗanyensa yana ƙona saiwa, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar Salmonella da Campylobacter masu kawo zawo da zazzaɓi da ciwon ciki. Wannan Salmonella ba ta taifot ba ce, ita taifot daga bayan gidan mutum take zuwa, amma tana iya kwantar da yaro ko tsoho. Ƙa'idar da ake amfani da ita a Amurka tana da sauƙin riƙewa: in ɗanye za a zuba, a bar kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa kamar salak da karas, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa kamar masara. Salak ba ya kai haka a gona, don haka ɗanyen kashi ba nasa ba ne.

Ka ruɓar da shi. Kashi ɗaya na kashin kaji, kashi biyu na ɓuntu ko tattaka, a tara tsibi mai tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a yayyafa ruwa ya yi danshi ba tare da ɗiga ba. Cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa za ta ɗauki zafin da hannu ba zai jure ba, digiri 55 zuwa sama, wannan zafin ne ke kashe ƙwayoyin. A juya aƙalla sau biyar cikin makonnin farko don na gefe ya shiga tsakiya, a jira kamar wata biyu har ya yi baƙi warin ya tafi. Tsibin da ya ƙi zafi ya bushe ne ko ya yi ƙanƙanta. Wanda ke warin ruɓa ruwa ya yi masa yawa. Kada a tara shi bakin gulbin Rima, domin abin da ya gangara yana haifar da gansakuka ya shaƙe kifi, kuma mutanen ƙasa da ku wannan ruwan suke ɗiba. Kada a sayi taki daga gonar da kaji ke mutuwa.

Ƙwan gona gwaiduwarsa fara-fara ce, na gida ja. Na gida ya fi gina jiki? Kuma ina da juna biyu, an ce in riƙa shan ɗanyen ƙwai da madara don ƙarin jini. Daga wata matar aure a Bodinga.

Malama, launin gwaiduwa daga abin da kaza ta ci ne. Jar masara da ganye suna sa ta yi ja, farar masara da dawa su sa ta yi fari, kuma sinadarin gina jiki kusan ɗaya ne. Ɗanyen ƙwai kuwa ki bar shi. Jiki yana amfana da kusan rabin sinadarin gina jikin ɗanye, alhali na dafaffe yana ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100, ga hatsarin Salmonella wanda mai ciki ba ta buƙata. Ƙarin jini yana cikin jajayen ƙwayoyin da ake ba ki wurin awo, sai nama da wake da zogale. Kada ki sha ƙwayoyin da shayi, yana hana su shiga jiki. Ki dafa ƙwai minti 10 har gwaiduwa ta daskare. Kada ki wanke shi kafin ajiya, domin akwai wani siririn rufi a ɓawon da ruwa ke cirewa, sai dai ki goge da busasshen ƙyalle. Mai tsaga kada ki saya. In babu firij, a bazara ki sayi na mako ɗaya kawai, kuma wanda ya taso sama in an sa shi a ruwa ya tsufa, a zubar.